Keken Raudatu Ya Tafi Gona

Duk aikin da ake iya yi a zaune a gidan Malam Awaisu da ke Malumfashi, na ƙanwarsa Raudatu ne. Ɓarar gyaɗa tata ce, ɓarar masara tata ce, haka yankan kuɓewar shanya, tsinkar zogale, tsefe kan yara, da riƙon jariri in matar gidan, Rabi, za ta shiga wanka ko za ta leƙa gidan suna. Shan inna ya shanye mata ƙafafu tun tana ƙarama, mutanen gidan kuwa suka samu na kamawa. Kowa ya ɗauko tire sai ya dire mata a gaba ya ce, "Tunda dai kina zaune." Kai ka ce zaman nan hutu take yi.

Ana cikin haka, farkon damina, sai ga keke.

Ƙungiyar Tashi Mu Je ce ta aiko da shi. Nakasassun garin ne suka haɗa kansu, kuma su ke tafiyar da abinsu, ba wani lafiyayye da ke yi musu shugabanci. Guragu ke walda, suna ƙera kekunan hannu masu taya uku a rumfarsu ta bayan tasha. Kurame ke fenti da ɗinkin kujera. Makafi ke bi gida-gida suna cigiyar irin su Raudatu da aka ajiye a ƙurya. Litinin da Alhamis kuma ana koyar da saƙa da ɗinki a rumfar.

Malam Mansur mai walda ne ya kawo shi, yana kan nasa keken, ya ɗauro sabon a baya da igiya. Raudatu ta sa silifas a hannu ta rarrafo har bakin zaure ta ciki ta leƙa. Shuɗi ne, yana ta ƙyalli, an rubuta sunanta da farin fenti a bayan kujera. Daɗi ya kashe ta, ta toshe baki da gyale tana dariya ita kaɗai.

"Malam Awaisu," in ji Mansur daga waje, da ƙarfi yadda za ta ji, "sharaɗinmu ɗaya ne. Keke na mai shi ne. Bayan wata uku za mu dawo mu duba. In mun tarar tana hawa, ya zama nata ke nan. In ba ta hawa, a ranar za mu ɗauke, don akwai mutane a layi suna jira."

"Haba Malam, wa zai hana ta? Allah dai ya saka da alheri."

Mansur ya dubi ƙofar zauren. An ɗaga ta daga ƙasan titi kusan gwiwa, saboda ruwan da ke malalowa ta layin. Ya ce, "Sai an zuba gangara a nan. Buhun siminti ɗaya ya isa, mu za mu zo mu yi aikin."

"Ai siminti ba ya kamawa da damina. Bari ruwa ya ɗauke, da kaina zan sa a yi."

Aka ɗaure keke da sarƙa a gindin bishiyar bedi, wato dogon yaro, da ke ƙofar gida, Awaisu ya jefa makullin kwaɗon a aljihu.

Da ya shigo Raudatu ta tare shi. "Yaya, ai ba sai an jira gangara ba. Zan iya sauka da hannuna in hau a waje."

"Ke! A gaban mutanen da ke zama a dakalin nan? Mace baliga tana jan gindi a ƙofar gida, a ce ba mu da tausayi? Ina raye ba za a yi wannan ba. Ki yi haƙuri, kwana nawa ne?"

Ta yi haƙuri. Dama shi ne sana'arta ta biyu.

Duk da haka ran Litinin ta yi wanka da wuri, ta sa kwalli, ta ɗaura ɗankwalinta na Sallah, ta zauna kusa da zaure ko Allah zai sa Yaya ya canza shawara. Rabi ta fito ta gan ta, ta riƙe haɓa. "Iye! Amarya, ina zuwa? Tunda dai kin shirya, riƙe min yaron nan in ɗora wake." Ran Alhamis ma haka aka yi.

A sati na biyu takin zamani ya iso. Tanimu, wanda ke yi wa Awaisu ƙwadago, ya zagaya keken nan sau biyu, ya danna taya da yatsa, ya ce, "Maigida, wannan ai ya fi baro. In aka cire kujerar aka shimfiɗa katako, buhu biyu zai ɗauka har gonar hanyar Ƙarfi bai ji ba."

Aron yini ɗaya aka ce. Washegari sai ga feshi, ana buƙatar jarkokin ruwa. Bayan feshi sai taki na biyu. Rabi ma ta gano cewa niƙanta ya fi saurin dawowa daga inji in an ɗora shi a kai. Kafin wata ya mutu, keken Raudatu ya san gona, ya san rijiyar burtsatse, ya san kasuwa, ya san bakin inji. Mai shi kaɗai ce bai sani ba. Kullum da sassafe tana daga tsakar gida za ta ji ƙarar sarƙa ana kwance shi, sai ta ci gaba da abin da ke cikin tire.

"Yaya, yau ma gona zai je?"

"Ƙarfe in ba a motsa shi tsatsa yake yi. Taimakonki ake yi ba ki sani ba."

Bayan kwana biyu ta sake. "Yaya, sun fa ce ni zan riƙa hawa."

"To masarar da ake nomawa, wa ke ci? Ba da ke ake ci ba? Ai duk abu ɗaya ne, ko ke kika je ko keken ya je."

Rabi kuwa lallashi ne nata salon. "Ke da Allah ya hutar da ke, me za ki je nema a rana? Mu da muke da ƙafar, me muka tsinto a waje ban da ciwon kai? Ungo, tsince min shinkafar nan." Raudatu ba yarinya ba ce, ta san abin da ke damun Antinta. In ta fita Litinin da Alhamis, yaro zai koma bayan uwarsa, tire kuma zai rasa inda za a dire shi.

Tsakiyar watan Agusta, lokacin da ruwa ke zuba kamar da bakin ƙwarya, Awaisu ya je Funtua ya dawo da sabon babur. Ranar sai da mutum uku suka ciccibe shi suka shigar zaure. Washegari da hantsi Raudatu ta ji ƙarar shebur da muryar magini a ƙofar gida. Ta ture tiren gyaɗa, ta manta da silifas ma, ta rarrafa da sauri har bakin zaure, zuciyarta na cewa yau dai Allah ya yi.

Gangara ce kuwa aka zuba, sumul, daga ƙofa har ƙasa. Faɗinta taƙi ɗaya, daidai tayar babur.

Ta daɗe tana kallonta. Da Awaisu ya shigo wanke hannu ta ce, "Yaya, ashe siminti yana kamawa da damina."

"Wannan ɗan kaɗan ne, shi ya sa."

"Nawa keken taya uku gare shi."

"In aka faɗaɗa, awakin maƙwabta za su mayar da gidan nan hanya. Ke dai ba ki da godiya, Raudatu. Komai sai kin sa masa ido."

Ranar ta yi kuka sosai, irin wanda ta daɗe ba ta yi ba, ta juya fuska ga bango don kar yara su gani. Ba wanda ya tambaye ta dalili. Daga ranar, ko Litinin ta zo, ba ta sake sa kwalli ba.

Kaka ta shigo, masara ta yi kyau. Tanimu ya riƙa jido ta a kan keken, a sauke a ƙofar gida, a shigo da ita buhu-buhu a zube gaban Raudatu. Kekenta ya kawo, ita ta ɓare. Manyan yatsunta biyu suka tsattsage har sai ta naɗe su da tsumma. Awaisu ya wuce ya ga tulin da ta tara, ya ce, "Madalla! Kin ga amfanin zaman gida."

Ran nan sai saƙo ya iso cewa Alhamis mai zuwa ƙungiya za ta zo duba keke, kuma Inna Tasalla ce za ta duba.

"Wace ce kuma Tasalla?" in ji Awaisu.

Tanimu ya ce, "Makauniyar nan mai yawan barkwanci."

Awaisu ya yi dariya har da buga cinya. "Makauniya za ta duba keke? To Allah ya kawo ta lafiya."

Ran Alhamis tun da safe aka wanke keke da omo, aka cire katakon buhu aka mayar da kujera, mutum huɗu suka ɗago shi suka shigar har tsakar gida. Rabi ta ara wa Raudatu atamfarta, ta shafa mata hoda, wai don baƙuwar da ba ta gani. Aka ɗaga ta aka ɗora. Raudatu ta kama hannun tuƙin ta ɗan juya, keken ya motsa gaba taku ɗaya. Wata uku cur, yau ne ta fara zama a kansa.

Awaisu ya tsuguna kusa da ita, ya sassauta murya. "In ta tambaye ki, kina hawa. Kin dai ji abin da suka ce. In kika yi wata magana ɗaukewa za su yi, ke ce da asara, ba ni ba."

Abin haushin, gaskiya ya faɗa.

Da hantsi suka iso. Inna Tasalla ba ta yawo da ɗan jagora. Bayan keken Mansur take dafawa, shi ya gane musu hanya, ita kuma in an zo tudu ta tura shi. Mansur ya tsaya a waje suna gaisawa da mutanen dakali. Tasalla ta laluba ƙofa da sandarta, sandar ta bi gangarar nan sama da ƙasa.

"A'a! Masu gida, wannan gangarar ta ƙadangaru ce?"

Mutanen dakali suka fashe da dariya. Awaisu ya yi yaƙe ya ce, "Bismillah, Inna, shigo."

Ta shigo da sallama, ta gaisa da Rabi, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta sha ruwa, ta ɓantari goro. Awaisu ya ce, "Ga keken nan, Inna, ga ta ma a kai. Kullum sai ta zagaya."

"Keke ba ya gudu. 'Yar nan, ba ni hannunki."

Raudatu ta miƙa. Tasalla ta riƙe hannun cikin nata biyu, ta bi shi a hankali da yatsu, ciki da baya, sannan ta matsa mata kafaɗa.

"Mai tuƙa keke wata uku, kanta a gindin yatsu take fito masa, kafaɗarsa ta yi tauri. Wannan kantar a ƙasan tafi take, ta rarrafe ce. Wannan babban yatsa kuwa, Allah sarki, masara ce ta ci shi." Ta saki hannun ta koma kan keken. Ta shafa tayoyi, ta ce sun sha tafiya har sun suɗe. Ta shafa hannun tuƙi, ta ce ledar da suka naɗa masa a rumfa ko yagewa ba ta yi ba. Ta sunkuya ta shinshina ƙarƙashin kujera. "Omo a sama, taki a ƙasa." Ta bi ƙarfen baya da tafin hannu, ta tsaya a tsakiya. "Ya lanƙwashe. 'Yar nan, nauyinki ya kai buhu biyu ne?"

Awaisu ya shiga kame-kame. Ai wani lokaci ne in Tanimu ya matsu, ai hanya ce ba kyau, ai dama jira ake ruwa ya ɗauke.

"Malam Awaisu, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Amma bari, ba kai na zo tambaya ba. Hannuna ma yana iya kuskure. Mu a dokarmu bakin mai keke ake bi, abin da ta faɗa shi zan kai." Ta juya inda Raudatu take. "Raudatu, kina hawa?"

Awaisu ya kafe ta da ido, Rabi na jijjiga yaro tana yi mata alama da gira. Raudatu ta auna abin a ranta. In ta ce e, keke ya zama nata, gobe da asuba ya koma gona, kuma ba mai sake zuwa dubawa. In ta ce a'a, ya tafi ke nan. Ta ɗago kai ta dubi Tasalla.

"Inna, yau ne farkon zamana a kansa."

Rabi ta ce, "La ilaha illallahu!" Awaisu ya miƙe ya kaɗe rigarsa.

"To kin san doka," in ji Tasalla a hankali.

"Na sani, a ɗauka. Amma Inna, ni aka ba, ni zan mayar da shi. Da hannuna zan kai shi rumfar."

Tasalla ta ƙyalƙyale da dariya har goro na neman sarƙe ta. "Kin ji 'yar albarka! Dama tun a hanya nake tunanin wa zai kai mana shi. Ni ba ido, Mansur kuma hannunsa biyu na kan nasa."

"Tanimu zai tura muku," in ji Awaisu da sauri.

"Tanimu ya tura rabonsa."

Awaisu ya ce, "Ai ba zai sauka ƙofar nan da mutum a kai ba."

Tasalla ta ɗaga murya. "Mansur! Katako!"

Ashe kowane keken 'yan ƙungiyar da katako biyu yake yawo, ɗaure a gefe, don garin duk dakali ne da kwata. Mansur ya kwance nasa, ya jingina ɗaya dama da gangarar babur, ɗaya hagu, ya gwada tazarar da igiya, ya bubbuga su suka zauna. Ya leƙo zaure ya ce, "Malam Awaisu, mun gode da ta tsakiyar. Tayar gaba ta samu hanya."

Raudatu ta juya hannun tuƙi. Keken ya karkata saboda ƙarfen da ya lanƙwashe, ta gyara, ta nufi zaure.

"Yanzu wa zai riƙe min yaron nan, ga tukunya a wuta?" in ji Rabi.

"Goya shi, Anti. Bayanki lafiyarsa ƙalau."

A cikin zaure Awaisu ya sha gabanta, ya yi ƙasa da murya don kar na dakali su ji. "Raudatu, ni za ki kunyata? Ni da nake ci da ke, nake sha da ke?"

"Na ci, Yaya, na gode, Allah ya biya ka. Amma ko akuya ana kwance ta ta ga waje."

Ya dubi ƙofa, ya ga idanu sun yi masa yawa, ya matsa gefe.

Saukowar ba ta yi kyan gani ba. Ta matse birki da wuri, keken ya yi tsalle, ɗankwalinta ya zame, wani dattijo a dakali ya ce "A'uzubillahi" ya ɗage ƙafa. Amma tayoyi uku suka taɓa ƙasa tana kai. Rana ta haske mata ido har sai da ta runtse, tana haki tana dariya lokaci ɗaya.

Mansur ya matso da kekensa kusa da nata. "Saurara, ƙanwata. Daga nan zuwa rumfa akwai 'yar tafiya, akwai tudu ɗaya. In kika kai shi da hannunki ba wanda ya tura ki, ni dai ban san bakin da zai ce ba kya hawa ba. Zan miƙe ƙarfen, ki dawo da abinki. Katakon nan kuma na bar su nan, in ga wanda zai ɗauke."

Tasalla ta dafa bayan keken Mansur, suka kama hanya, Raudatu na biye tana tangaɗi. Ba su yi taku ashirin ba sai ga wani shagon kayan masarufi da aka jingina da katangar gidansu ta gefe, rediyo na ta magana a kan teburin shagon. Mai shagon, Maitama, tare suka yi makarantar allo suna yara, lokacin da mahaifinta, Malam Ummaru, ke ɗauko ta a kafaɗa ya kai ta. Ya ɗago kai daga awon sukari, ya ƙura mata ido, ya saki ludayin.

"Raudatu? Raudatun Malam Ummaru? Ikon Allah! Yaushe a gari?"

Ta ja birki. "Sannu, Maitama."

"Wallahi mu duk mun ɗauka tun rasuwar Malam aka kai ki Funtua wajen dangin mahaifiyarki. Ya mutanen can? Kin zo mana kaka ke nan?"

"Ban je ko'ina ba. Ina nan bayan katangar nan da ka jingina shagonka. Shekara tara ina jin rediyonka."

Maitama ya waiga ya dubi katangar, ya sake dubanta. Ya miƙa hannu ya kashe rediyon.

Tasalla ta juyo da fuskarta wajen muryarsa. "Malam mai shago, tunda ka san mutanen layin nan, taimaka mana. Akwai wata kuma da kuka ɗauka tana Funtua?"

Ya buɗe baki zai ce babu. Sai ya tsaya, idonsa na kan gida na uku a tsallaken layi, mai koren ƙyaure.

"Akwai wata Tani," ya ce a hankali. "Kurma ce. An ce tana Musawa."